BABI NA BAKWAI: MATSIN TSARA DA HARSHEN MATASA A ƘASAR HAƊEJA

7.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan karin harshen rukuni, inda aka nuna yadda sana'a da jinsi da shekaru kan sa wani ɓangare na al'umma ya keɓanta da irin tasa Hausar. A wannan babi za a tsaya ne a kan rukuni guda, wato matasa 'yan shekara 12 zuwa 19, domin da yawa daga cikinsu su ne ɗalibi zai tarar a aji ranar da aka tura shi gwajin koyarwa a ƙaramar sakandare. Abin da ake son ganowa shi ne dalilin da ke sa yaron da aka sani da natsuwa a gidansu ya sauya baki, ya sauya tafiya, wani lokaci ma ya sauya hali ɗungurungum, cikin zangon karatu ɗaya tak. An ɗauko yawancin misalan daga ƙasar Haɗeja da fadamun da ke bin koginta, saboda wuri ne da birni da ƙauye suka haɗu, harsuna suka cuɗanya, kuma yaro kan iya samun kuɗin kansa tun bai gama makaranta ba.

Mai yiwuwa wani ya ce wannan ai batu ne na malaman ilimin halayyar ɗan'adam, me ya kawo shi cikin littafin Hausa? Amsar ita ce, matsin tsara da baki ake yin sa. Ba kasafai ake danne yaro a ɗura masa abin maye ba, ko a ja shi da igiya zuwa bakin kogi. Kalma ake jefa masa, ita kuwa kalma fagen malamin harshe ce.

7.1 Ma'anar Matsin Tsara

Kalmomin "tsara" da "sa'a" da "wari" duk suna nuni ne ga wanda kuke kai ɗaya da shi a shekaru, shi ya sa ake cewa wane ba tsaranka ba ne, ko wance ba sa'arki ba ce. "Aboki" da "ƙawa" da "amini" kuwa shaƙuwa suke nunawa. Bambancin yana da muhimmanci, domin aboki zaɓensa ake yi, tsara kuwa tarar da ita ake yi. Yaro yana iya rabuwa da abokinsa, amma ba shi da yadda zai yi da sauran yaran da aka zuba su aji ɗaya da shi, ko waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya a makarantar kwana.

Matsin tsara ke nan shi ne ƙarfin da ke tura mutum ya daidaita maganarsa da shigarsa da ɗabi'unsa da na sa'o'insa, domin su karɓe shi, ko don gudun kada su ware shi. Akwai na fili, wanda ake yi ta hanyar zuga da gori da dariya da barazana. Akwai kuma na ɓoye, wanda babu wanda ya ce uffan. Yarinya ta ga duk 'yan ajinsu sun yi ankon bikin wata, ita kaɗai ce ba ta yi ba. Babu wadda ta tanka mata, amma ta koma gida ta hana mahaifiyarta barci. A ganina wannan na biyun ya fi ƙarfi, ya kuma fi wuyar magani, domin babu mai laifin da za a kama a kai gaban shugaban makaranta.

Bahaushe ya daɗe da sanin tasirin zama da mutane. Ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Akwai ma hadisin da ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turare, abokin banza kuma da mai zuga wutar maƙera. Sai dai akwai gyara ga yadda iyaye kan fahimci al'amarin. Kowace uwa cewa take abokai ne suka ɓata mata ɗa, har da uwar wanda ake zargi da ɓata sauran. A shekarar 1978 wata masaniya mai suna Denise Kandel ta bi diddigin abota tsakanin ɗaliban sakandare a Amurka, ta gano cewa kamannin halin da ake gani tsakanin abokai ta hanya biyu yake samuwa, kuma ƙarfinsu kusan ɗaya ne: yaro yakan zaɓi mai irin halinsa tun farko, sa'an nan kuma zama tare ya ƙara kusanta halayensu. Wato dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Saboda haka raba yaro da abokinsa kaɗai ba ya wadatarwa, matuƙar ba a gano abin da ya kai shi wurin ba. Zai sake nemo wani irinsa.

7.2 Dalilin Ƙarfinsa a Shekarun Balaga

A farkon shekarun 1950 Solomon Asch ya yi wani gwaji a Amurka wanda ya kamata kowane malami ya sani. Yakan zaunar da mutum bakwai zuwa tara, ya nuna musu wani layi da aka zana, sa'an nan ya ce su faɗi wanda ya yi daidai da shi a tsawo cikin wasu layuka uku. Amsar a bayyane take, ko yaro ba zai kuskure ba. To amma duk mutanen an haɗa baki da su, ban da mutum ɗaya, kuma an umurce su da su riƙa ba da amsar da ba daidai ba. Sakamakon ya nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na amsoshin waɗanda ba su san dawan garin ba sun bi na jama'a, kuma mutum uku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu yana nuna musu akasin haka. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ke nan. Amma abin da ya fi amfani ga malami shi ne kashi na biyu na gwajin. Da aka sa mutum ɗaya tak daga cikin 'yan haɗin bakin ya riƙa faɗin gaskiya, sai bin jama'a ya faɗi ƙasa warwas. Za mu dawo kan wannan a ƙarshen babi.

Waɗanda Asch ya gwada ɗaliban jami'a ne. Game da matasa kuwa, a shekarar 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg sun sa mutane masu shekaru daban-daban yin wasan tuƙin mota a kwamfuta, wani lokaci su kaɗai, wani lokaci a gaban sa'o'insu biyu. 'Yan shekara 13 zuwa 16 sun ninka gangancinsu idan tsara na wurin, manya kuwa kusan ba su sauya ba. Wani binciken da ya biyo baya a 2011, wanda aka yi da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ya nuna cewa ba sai an zuga matashi ba. Sanin cewa ana kallonsa kawai ya isa ya motsa sashen ƙwaƙwalwar da ke jin daɗin samun lada. Shi kuwa sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna abu da taka burki, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Wannan ya bayyana abin da iyaye ke mamaki, wato yaron da in ka zauna da shi shi kaɗai zai lissafa maka illar abu tiryan-tiryan, amma da la'asar ka same shi cikin masu yin sa. Ba sani ne ya rasa ba.

7.3 Tsara a Al'adar Bahaushe

Al'ummar Hausawa ba ta ɗauki ƙarfin tsara abin tsoro ba, sai ma ta ɗaura masa linzami ta yi aiki da shi. A ƙauyuka akwai sarkin samari, wanda ke tara matasa aikin gayya da gyaran hanya da share maƙabarta, kuma yana ƙarƙashin idon mai unguwa ko dagaci. Saurayin da ya yi sanyi a gonar gayya ba bulala yake tsoro ba, kunyar tsara yake ji, ga makaɗa suna zuga wanda ya riga shi kai kunya. Sharon Fulani ma haka yake. Me zai sa saurayi ya tsaya a tsula masa sanda a ƙirji, ya yi murmushi, in ba idon sa'o'insa da na 'yan mata ba? A Jamhuriyar Nijar gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ta farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya ta mayar da su hanyar tattara matasa ayyukan ƙasa. Kada dai a ɗauka komai na da alheri ne. Al'adar tsarance, wadda malamai suka daɗe suna yaƙa, ita ma a dandali ta rayu.

Abin da ya sauya shi ne wurin haɗuwa da kuma mai sa ido. Yau akwai majalisa a bakin titi, wadda a Nijar ake kira fada, akwai gidan kallon ƙwallo, akwai zauren WhatsApp da TikTok. Dandalin da yana watsewa in dare ya yi, na waya kuwa har cikin ɗakin kwana yake bin yaro, kuma babu dattijo ko ɗaya a cikinsa.

7.4 Yadda Harshe ke Ɗaukar Matsin Tsara

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Masanin walwalar harshe zai ce wannan gaskiya ne har zuwa ranar da tsuntsun ya shiga garke. Ɗan Bayarabe ko ɗan Ibo da aka haifa a Haɗeja, ya yi wasan ƙasa da 'ya'yan unguwa, Hausar Haɗejawa yake yi tsaf, ba irin ta iyayensa ba. William Labov, wanda ya yi nazarin ƙungiyoyin samari baƙaƙen fata a unguwar Harlem ta birnin Niyok, ya kuma buga sakamakon a 1972, ya gano cewa 'yan tsakiyar ƙungiya su ne suka fi riƙe karin harshen unguwa, su ne kuma suka fi zama baya a karatu. Waɗanda ke gefe, da yaran ke kira da wani suna mai ma'anar guragu, maganarsu ta fi kusa da ta makaranta. Penelope Eckert ma, a littafinta na 1989 kan wata sakandare da ke kusa da birnin Detroit, ta nuna yadda ɗalibai suka rabu gida biyu, masu bin makaranta da masu bijire mata, kuma bincikenta ya tabbatar da cewa har furucin wasula ya fi bin rukunin da yaro yake ciki a kan matsayin iyayensa.

Hanya ta farko da wannan ke bayyana ita ce sara, wato sababbin kalmomi ko tsofaffin da aka sauya wa ma'ana, masu tashe na ɗan lokaci. "Wanka" ya koma cin ado, "ƙwaro" ya zama gwani, "ya haɗu" na nufin ya yi kyau matuƙa, "caji" kuma ya tashi daga batirin waya ya koma buguwa. Sara tana aiki biyu. Tana zama shaidar cewa mutum ɗan gida ne, domin wanda ya yi amfani da sarar bara dariya za a yi masa, tana kuma ɓoye zance daga manya, kamar yadda zaurance ke yi. A nan akwai abin lura. Sara takan sauya wa mummunan abu suna har ya daina wari. Yaron da ba zai taɓa yarda a ce ya sha ƙwaya ba, yana iya cewa ya ɗan yi caji, kamar yadda satar jarrabawa kan koma "taimakon juna". Idan suna ya yi sauƙi a baki, aikin ma yakan yi sauƙi a hannu.

Hanya ta biyu ita ce laƙabi da gori. Ga wata 'yar tattaunawa da aka tsara domin nazari. A ɗauka samari uku ne a bakin kogi cikin watan Satumba, lokacin da ruwa ya cika ya tumbatsa.

Na ɗaya: Kai, tuɓe mu tsallaka, ga su wane can har sun kai tsakiya.
Na biyu: Ruwan nan fa ya ƙaru tun jiya. Baba ya hana ni shiga.
Na ɗaya: Ka ji ɗan Hajiya! To koma gida a goya ka.
Na uku: Ƙyale shi, mutumina. Mu maza mu shiga, shi ya tsaya ya yi mana gadin takalma.
Na ɗaya: Haba, jikan Sarkin Ruwa guda, a ce kana tsoron ruwa?
Na biyu: Wa ya ce tsoro nake ji? Riƙe min rigata.

A dubi makaman da aka yi amfani da su. An fara da kafa hujja da wasu: ga su wane can. Aka bi da laƙabin da ke mayar da saurayi jariri. Sai na uku ya zo da abin da ya fi duka zafi, ko da yake babu zagi a cikinsa. Ya daina magana da yaron, ya koma magana a kansa, wato ya fitar da shi daga wakilin suna "mu" ya jefa shi cikin "shi", alhali ga shi nan tsaye. Daga nan aka juya aka yi masa kirari, domin zuga takan ƙarasa abin da gori ya fara. Abu mafi muhimmanci shi ne, babu wanda ya amsa hujjar da ya kawo. Ya ce ruwa ya ƙaru, ba wanda ya ce bai ƙaru ba. An ɗauke zancen ne daga kan ruwa aka mayar da shi kan sunansa, shi ma kuma a jimlarsa ta ƙarshe ya manta da ruwan, sunan yake karewa.

Irin waɗannan laƙubba suna da yawa, kuma kowanne da ƙofar da yake rufewa. "Bagidaje" da "ɗan ƙauye" suna hana yaro zama yadda ya taso. "Ustazu", in an faɗe shi da gatse, yana hana shi cewa abu haramun ne. "Iyayi" yana hana yarinya ɗaga hannu a aji. Mafi haɗari a cikinsu shi ne "munafuki", domin shi ne ke rufe bakin wanda ya ga abu ya so ya faɗa wa malami. Duk makarantar da wannan kalma ta yi ƙarfi a cikinta, hukumarta ita ce ta ƙarshe da za ta san abin da ke faruwa a ɗakunan kwana.

Hanya ta uku ta shafi karin harshe da harshen gida, kuma a nan ne ƙasar Haɗeja ke da darasi na musamman. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Auyo da Birniwa da Guri da Haɗeja da Kafin Hausa da Kaugama da Kiri Kasamma da Malam Madori. Ban da Hausawa, akwai Fulani da Mangawa da Badawa. Idan aka tara 'ya'yansu a makaranta ɗaya, nan da nan sai harsunan su jeru kamar matakala. Ɗan ƙauye yana gyara bakinsa ya yi kama da na ɗan birnin Haɗeja. Bahaɗeje in ya je Kano aka kwaikwayi maganarsa sau biyu, sai ya fara lanƙwasa harshe zuwa Kananci, kamar yadda Basakkwace kan bar "shina" da "biyat" ya koma "yana" da "biyar". A can sama kuma ga Ingausa, wadda ake ɗauka ita ce alamar wayewa. Wanda ke ƙasan matakalar shi ne yaron da ya zo da Badanci ko Fulatanci ko Manganci. Shi ba gyara zai yi ba, shiru zai yi, in ma iyayensa sun zo ziyara sun yi masa yare a gaban tsara, da Hausa zai amsa.

Kada a raina wannan. A wannan yanki an taɓa yin harsuna uku, Auyanci da Shiranci da Tashenanci, 'yan'uwan Badanci da Ngizimanci a cikin iyalin harsunan Cadi, waɗanda Russell Schuh ya yi rubutu a kansu a 2001. Garin Auyo yana nan, Auyokawa suna nan, amma harshen ya tafi, Hausa ta maye gurbinsa. Harshe ba ya mutuwa ranar da tsohon ƙarshe mai jin sa ya rasu. Ya riga ya kama hanya tun ranar da yara suka daina wasa da shi a tsakaninsu. Mu masu koyar da Hausa ya kamata mu riƙa tuna cewa harshen da muke kukan Ingilishi yana danne shi, shi ma yana danne wasu.

7.5 Matsin Tsara a Rayuwar Fadama

Fadamar Haɗeja zuwa Nguru tana ba yaro abin da takwaransa na tudu ba ya samu, wato kuɗi a hannu. Idan ruwa ya fara janyewa ga su, ga yankan shinkafa, daga baya ga ƙwadago a gonakin rani na alkama da tattasai da albasa. Yaro ɗan aji biyu ya ɗauki koma da gora, ko ya bi ƙwadago mako biyu, ya dawo da waya a aljihu. Washegari rabin aji sun san kuɗinta. Babu wanda ya ce da kowa ya bar makaranta, amma malami zai ga rajista tana ramewa a daidai waɗannan lokuta. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin malalar kogin ya sauya, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cinye gonaki da wuraren su. Inda abin ya yi tsanani sai ci-rani ya ƙaru. Wanda ya je Kano ko Abuja ko Legas ya dawo da sallah da sabon ɗinki da sabuwar Hausa, shi ne abin kwatance a majalisa. Ba ya ba da labarin inda ya kwana.

Ta nan ne shaye-shaye kan sami ƙofa, kuma sau da yawa da sunan aiki yake shigowa: sha wannan ka ga yadda za ka wuni kana yanka ba gajiya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin 100. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin. Doka tana iya rufe kanti, amma ba ta shiga majalisa.

Ga 'yan mata kuwa, matsin ya fi bi ta anko da man shafe-shafe da waya da kuma maganar aure. Yarinyar da ƙawayenta uku suka yi aure cikin shekara guda takan fara jin zaman aji ya isa, ko da iyayenta suna son ta ci gaba.

Duk da haka, wannan ƙarfi bai san alheri ko sharri ba, inda aka juya shi nan yake bi. A ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da ruwa ya yi wa garin Haɗeja barazana, matasa ne suka riƙa cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga dare da rana. Saurayin da ya kwanta a gida a irin wannan dare, da wane ido zai dubi tsararsa da safe? Kunyar da ke tura yaro cikin kogi ita ce dai ta fitar da shi bakin jinga.

7.6 Abin da ke Wuyan Malamin Hausa

Abu na farko shi ne malami ya kame bakinsa. Idan yaro ya yi magana da karin ƙauyensu aji ya fashe da dariya, malami kuma ya murmusa, to ya sa hannu a takardar. Daidaitacciyar Hausa ita ake koyarwa, da ita ake rubutu da jarrabawa, amma ana iya cewa "haka ake faɗa a garinku, ga kuma yadda ake rubutawa" ba tare da an ce yaro ya yi kuskure ba. Ya fi kyau ma a mayar da bambancin darasi, a tambayi yadda ake kiran kayan su ko sassan kwalekwale a garuruwa da harsunan da ke cikin ajin. A irin wannan rana yaron da ake kira bagidaje shi ne malami.

Na biyu, a tuna da mutum ɗayan nan na gwajin Asch. Yaro ba ya bukatar aji duka su goyi bayansa, abokin tsayuwa ɗaya ya ishe shi. Malami yana iya samar da wannan ta yadda yake raba wurin zama da rukunin aiki. Sa'an nan ya gano waɗanda ake saurara a cikin ɗaliban, waɗanda sau da yawa ba su ne manitoci ko masu zuwa na ɗaya ba. A wani bincike da Elizabeth Paluck da abokan aikinta suka buga a 2016, wanda ya shafi makarantu 56 a Amurka, an bar wasu ɗalibai su jagoranci yaƙi da cin zali da kalmominsu na kansu, sai rahoton rigingimu ya ragu da kimanin kashi 30 cikin 100, kuma tasirin ya fi yawa inda aka dace da ɗaliban da sauran ke sa wa ido. Dabarar sarkin samari ce aka sake ganowa.

Haka kuma a rushe jimlar nan ta "kowa yana yi", domin ita ce ginshiƙin yawancin zuga, kuma galibi ƙarya ce. Alƙaluman da aka kawo a sama ma, in aka juya su, cewa suke fiye da mutum 85 cikin 100 ba su taɓa kayan maye ba a shekarar. Masu yi sun fi surutu ne kawai.

Darussan Hausa kansu fage ne. Gaya wa yaro ya ce "a'a" ba ya isa, domin ba kalmar ce ke masa wuya ba, abin da zai biyo bayanta ne. Yana bukatar amsar da za ta fitar da shi ba tare da ya zubar da girmansa ba, Hausa kuwa tana da arzikin wannan: ba'a da barkwanci da karin magana da mayar da gatse. A sa ɗalibai su sake rubuta tattaunawar bakin kogi, su nemo wa na biyu amsar da za ta sa a yi dariya tare da shi, ba a yi masa ba, sa'an nan su gwada ta a wasan kwaikwayo. Idan kuwa al'amari ya kai ga shaye-shaye ko cin zali, ya wuce ƙarfin malamin aji shi kaɗai, sai a haɗa da shugaban makaranta da jami'in ba da shawara da iyaye. Ni dai ban ga amfanin fito da yaro gaban taron safe a tozarta shi ba. Sau da yawa yakan koma cikin tsararsa a matsayin gwarzo.

Akwai kuma abin da ya shafi shi ɗalibin malanta kansa. Tazarar shekarunsa da manyan 'yan ajin da zai koyar ba ta da yawa, kuma zai so su ce malamin nan wayayye ne. Daga nan ake fara yi musu sara a aji, a kau da kai ga abin da bai kamata ba. A ɗakin malamai ma akwai tsara. Ranar jarrabawa wani zai matso ya ce, "Malam, a nan haka muke yi, a ɗan taimaka wa yaran," kuma duk makaman da aka gani a bakin kogi za su fito, har da wakilin sunan nan "mu".

Auna Fahimta

1. Saurari hirar matasa a majalisa ko filin wasa a garinku, ka tattaro kalmomin sara 20. Bayyana ma'anar kowace ta asali da sabuwar ma'anarta, ka ware waɗanda ke sauƙaƙa sunan mummunan aiki. Kada ka rubuta sunan kowa.

2. Tsara tattaunawa tsakanin 'yan mata uku a kan ankon biki, sa'an nan ka fito da dabarun matsin da ke cikinta kamar yadda aka yi a 7.4.

3. Tambayi dattijo ɗaya da matashi ɗaya daga gidan da ake jin wani harshe ban da Hausa: da wa suke magana da harshen, a ina, kuma a gaban wa suke barinsa? Kwatanta amsoshinsu a shafi biyu.